Ranar da Aka Koɗa Dutsen Inji

Waɗanda ke cikin gidan ran nan ba su da yawa. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, da matarsa da cikinta da ya tsufa. Akwai ƙanin marigayi mijina, wanda ya taso daga Ƙarfi a kan kekensa da ɗanyar masara a buhu. Sai Hajiya maƙwabciyarmu, da ta shigo karɓar ludayan da ta sa a yi mata, hira ta zaunar da ita. In ana ƙirga dabba, akwai akuya ɗaure a gindin rumbu. Asabar ce, damina ta yi nisa, rana ta ɗaga amma ba ta kai tsaka ba. Yau in na share tsakar gidan nan da safe, sawuna kaɗai nake tararwa da yamma.

Sai na fara da abin da yaran yanzu ba su sani ba. Ban taɓa kiran ɗan nan da sunansa ba. Ɗan fari ne, mu kuwa haka muka tarar: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ko yana jariri, sai ɗaki ya watse nake ba shi nono. Kakarsa ce ta goya shi. Da muka shiga bin Almasihu, matar fastonmu ta zaunar da ni ta ce wannan kunya ba dole ba ce, Allah ne ya ba ni shi, in kira abina. Na ce to. Ban yi mata musu ba, ban kuma kira ba. Baki ya riga ya saba. In ina son magana da shi sai in ce “kai”, ko in juya wajen bango in faɗi abin da zan faɗa, mai kunne ya ji. Da ya yi aure abin ya zo mini da sauƙi. “Ke, gaya wa mijinki.” Yana zaune nan kusa yana ji, ita kuma ta maimaita masa kamar daga wani gari aka aiko.

Mijina ya rasu ana gab da cirar auduga, a gidan nan da ya gina a bakin garin Malumfashi. ’Yan matana suna ɗakunansu, ɗaya a Tsiga ɗaya a Kafur, sai Kirsimeti ko rashin lafiya ke kawo su. Shi kuwa ɗan nan yana Funtua, yana leburanci inda ake gurzar auduga. Shekarun nan ni kaɗai na yi su. Nakan tuƙa tuwo ɗan kaɗan, in ci rabi, in bar rabi na ɗumame. Har magana na koyi yi da akuya. Ba don a ji tausayina nake faɗa ba. Ina faɗa ne don a san abin da ke cikin raina daga baya.

A shekarun da kaya suka yi tsada, tukunyar kanti ta gagari talaka, aka rage leburori a wurin nasu. Ya dawo gida da matarsa da wata sana’a da ya tsinta a wajen wani mutum a Funtua: zubin sanholo, farin ƙarfen nan marar nauyi da wasu ke ce wa alminiyam. Yakan bi garejin makanikai ya samo fasassun kayan mota, ya bi gidaje ya karɓo tsofaffin tukwane da suka huje, ya narka su a kan gawayi, matarsa na juya masa ƙafar keken da ya mayar zugazugi. Ya danna yashi a akwatin katako, ya fitar da siffar tukunya, ya zuba narkakken ƙarfen kamar ana zuba koko a kwano. In ya huce aka fasa yashin, sai ga tukunya. Amma da kaushi take fitowa, bakinta duk tsini da kaifi, ga wani ƙaho da ke tsayawa inda aka yi zubin. Wannan sai an yanke an goge da magagari. Gugar nan ita ke cinye masa yini. Tun hantsi yake durƙushe har la’asar a kan tukwane ƙalilan, tafin hannunsa duk kanta.

Wata rana na ji ya ce wa matarsa, da ƙarfi yadda zan ji, don shi ma ta bango yake yi mini magana: “In abin nan bai ci da mu ba zuwa kaka, Kaduna za mu tafi. Akwai wanda ya ce zai sama mini wuri a wajen masu irin aikin nan.”

Ina tsince dawa a faifai. Ban ɗaga kai ba. Amma tsakuwar da na tsince sai na ga na mayar da ita cikin dawar.

Ba a jima ba ya tafi Funtua ranar kasuwa ya dawo da inji. Ba sabo ba ne, ba kuma a kanti ya saya ba. Tsohon injin famfo ne, wani makanike ya ɗaura masa dutsen wasa zagayayye, faɗinsa kamar marfin kwano. Ba abin da ya rufe shi, tsirara dutsen yake juyawa. Ya kafa shi a kan kututture ƙarƙashin rumfa da manyan ƙusoshi. Mu ba mu da lantarki, sai ya roƙi Alhaji, mijin Hajiya, aka jawo waya daga zaurensa ta kan katanga, aka tokare ta da gwafa kamar igiyar shanya. Inda wayar ta gaza aka ƙulla wata, aka naɗe gurin da robar tayar keke.

Ranar da aka fara kunna shi kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya. Amma aikin yini sai ga shi ya ƙare kafin a sauke tuwon rana. Tukwanen suka fito da sheƙi. Mata masu abinci a tasha suka fara yi mana sallama. Maganar Kaduna ta kwanta.

Ni kuwa na ɗauko kujerata na dasa a ƙofar madafi, inda nake hango rumfar. Nan nake kaɗi, nan nake tsinkar rama, idona na kansa. Wani farin gari ne ke tashi daga dutsen, ya kwanta masa a gira da gashin hanci, har kan miyar da aka bari a buɗe. Na sa aka riƙa rufe komai. Ba tabarau gare shi ba, kanne ido kawai yake yi yana kawar da kai. In ya tashi aiki sai ya tsuguna gaban matarsa, ta buɗe masa ido da yatsa ta hura, ta ciro ɗan ƙarfen da bakin ɗankwali. Ina kallo daga nesa. Hannuna ya fi nata sanin wannan aiki, na yi wa ’ya’yan mutane da yawa, amma ba nawa ba ne in yi.

Rannan dutsen ya kama hannun rigarsa ya yage ta har kafaɗa. Ya yi dariya, ya ce rigar da ma ta tsufa. Na ce, “Ke, gaya wa mijinki mai aiki ba ya sa rigar zuwa suna.” Tun daga ranar ya koma aiki da ’yar shara. Wayar kuma in an yi ruwa takan ja mutum. Ta taɓa jan yarinyar, matar tasa, tana shanya, ta yar da kwano. Na ce a ɗaga gwafar, aka ɗaga.

Duk da haka ban ce a daina ba. Ina son ƙarar injin nan, gaskiyar ke nan. In na taso daga gona, tun daga bakin rafi nake jin ta, in san akwai mutum a gidana. Ranar da aka ɗauke wuta gidan ya yi tsit, sai in riƙa jin kamar sun riga sun tafi.

Sai dutsen ya fara yin fari. Daga baya ne aka gaya mana irin dutsen nan na wasa baƙin ƙarfe ne. Sanholo kuwa laushi gare shi, ba ya gogewa ya zube duka, liƙewa yake yi a jikin dutsen har ya shafe kaushinsa. A lokacin ba wanda ya sani. Mun dai ga ya yi sulɓi yana ƙyalli, ya daina ci. Ɗan nan ya riƙa danna tukunya da ƙarfi, tukunyar ta ɗau zafi har sai ya riƙe da tsumma, injin na gurnani kamar zai tashi daga kan kututturen. A haka Asabar ɗin ta same mu.

Ƙanin mijina abokin wasana ne, yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin miji. Duk duniya shi kaɗai ke tsokanata in ƙyale. Ya jingine keke, ya sauke buhu yana cewa, “Ina matar tawa? Har yau fuskar nan ba ta koyi dariya ba? Yayana dai haƙuri ne ya kashe shi.”

Na ce, “Da ka zo da abin kirki da na yi. Masarar ma duk tsutsa.”

“Tsutsar ai nama ce. Gyara na yi miki.”

Hajiya ta yi dariya har tana share ido da mayafi. Ya sha ruwa, ya miƙe ya nufi rumfa, inda ɗan nan ya kashe inji ya tsaya yana kallonsa.

“Ɗana, me ya sami abin naka, yana ta kuka ba ya ci?”

“Gaskiya, Baba, ban sani ba. Tun shekaranjiya yake haka. Ga masu tasha na jira.”

Ya shafa dutsen da babban yatsa. “Kai! Wannan ai sulɓi ya yi. Dutsen da ya yi sulɓi koɗa shi ake yi. Tambayi uwarka, tun ba a haife ka ba take niƙa.”

A Ƙarfi shi ake kira in dutsen niƙa ya daina cin hatsi. Ya zauna da makoɗi, wani dunƙulen dutse mai tauri, ya yi ta ƙwanƙwasa fuskar dutsen har ta sake yin kaushi. Ya iya, ba wanda ke raina masa wannan.

Ya waiwayo. “Matata, ina makoɗinki?”

Na ce, “Makoɗina na dutsena ne. Ba na ba da aro.”

“Wa ke maganar aro? Kayan yayana gadona ne, har da ke.” Ya zagaya bayan madafi da kansa ya ɗauko.

Ɗan nan ya ce, “Baba, anya kuwa?”

“Matsa ka gani. Na koɗa wanda ya ninka wannan.”

Ko cire dutsen daga jikin injin bai yi ba. Ya tsuguna, yana juya shi da hagu yana ƙwanƙwasawa da dama. Farin ƙarfen ya riƙa ɓantarewa yana zuba kamar ɓawon kifi, baƙin dutsen na fitowa. Kowa ya ji daɗi. Hajiya ta ce, “Ka ga aikin manya.” Da farko dutsen na amsawa da ƙara mai tsabta, irin ta sabuwar tukunyar ƙasa in ka ƙwanƙwasa ta a kasuwa. Can sai na ji ya amsa daban, ƙasa-ƙasa, irin amsar tukunyar da mai saye ke ajiyewa ya ɗauki wata. Ni ban san inji ba. Ban san ko haka dutsensa ke yi ba.

Na juya wajen bango na ce, “Ni dai da an bar abin nan haka nan yau.”

Ƙanin mijina ya ce, “Ku ji tsohuwa! Haushi take ji an gyara dutsen da ya fi nata gudu.”

Ɗan nan bai ko dubi inda nake ba, yana jera tukwanen da zai goge. Na buɗe baki zan ce, ke, gaya wa mijinki. To ta gaya masa me? Cewa kunnen uwarsa ya ji wani abu? In kuma ya bari, masu tasha suka koma wajen wani, kaka ta zo? Yarinyar na zaune a gindin randa, gefen rumfar, tana wanke tukwanen da aka gama da toka. Na ce, “Ke, tashi ki kai masarar nan madafi.”

“Iya, bari in ƙarasa wannan.”

“Na ce tashi.”

Ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, tana tura baki. Ta ja buhun ta wuce ni.

Ɗan nan ya sunkuya ya haɗa wayar. Injin ya ɗauka, dutsen ya juya, ya yi duhu kamar ranar da aka kawo shi. Ƙanin mijina ya fara yi wa kansa kirari. Ɗan nan ya ɗauki tukunya ya kai bakinta jikin dutsen.

Abin da na ji kamar an harba bindigar mafarauta a cikin ɗaki. Randa ta tarwatse, ruwa ya malale daidai inda yarinyar ta tashi. Wani guntu ya huda kwanon rumfa ya fita. Ɗan nan kuma na ga ya yi baya ya zauna daɓas, hannuwa biyu a fuska, jini na bi ta tsakanin yatsunsa.

Sai na ji ana kiran sunansa. Da ƙarfi ake kira, ana maimaitawa, har mutanen bakin titi suka ce sun ji. Sai da na ga Hajiya ta saki baki tana kallona, ni take kallo ba shi ba, sannan na gane muryata ce.

Ban san yadda na isa gurinsa ba. Na ɓamɓare hannuwan daga fuskar, na kwantar da kansa a cinyata, na share jinin da bakin zanina. Rabona da taɓa kan nan tun bai yi haƙori ba. Yankan ya taso daga tsakiyar gira ya nufi kunne, ya buɗe har ana ganin fari. Na danna fatar idon da yatsa na ɗaga. Idon na nan. Ya dube ni daga ƙasa ya ce, “Iya, ina gani. Ina ganinki.” Injin na ta juyawa ba dutse, yana ihu. Hajiya ta ɗaga murya ta kan katanga aka kashe wutar.

Alhaji ne ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti, matarsa na kuka a ƙofar gida. Ƙanin mijina ya zauna a zaure da makoɗin a hannu, ya manta yana riƙe da shi. Bai sake tsokanata ba. Ban kuma yi masa faɗa ba, ko da yake yana jira. Abin da ya iya ne ya yi, a dutsen da ba irin nasa ba. Da aka dawo ya ga yaron da ƙafarsa, sai ya ajiye makoɗin a bakin madafi, ya ja kekensa ya fita yana turawa, bai hau ba.

Ni na tsaya kwashe fasasshiyar randa. A nan na ga wani guntun dutsen ya shige jikin rumbu, ya nutse cikin laka har na kasa zare shi da yatsa. Na tsuguna inda yarinyar take zaune ɗazu, na auna da idona. Daidai cikinta. Guntun yana nan har yau, ban bari an shafe gurin ba.

Da la’asar ɗan nan ya fito daga ɗaki da kai a naɗe. An yi masa ɗinki, mai ɗinkin ya ce da abin ya sauko kaɗan da ba a maganar ido. Hajiya ta sake shigowa sannu. Ta ce Alhaji ya gaya mata ya ga masu irin aikin nan a Kaduna, injinsu da marfin ƙarfe a kan dutsen, kowa kuma da tabarau. Yarinyar ta ce wa mijinta, “To a samo mai marfin mana.”

Ya ce, “Mai marfi ba irinmu ke saye ba.” Ya je ya tsaya a rumfa yana juya sandar injin da hannu. Sannan ya ɗaga murya yadda zan ji. “Injin lafiyarsa lau. Ranar kasuwa zan koma Funtua in samo wani dutsen a wajen mutumin nan. In na tsaya yanzu, shi ke nan, sai Kaduna.”

Wani dutsen, irin wancan, tsirara, a gurin da za a shimfiɗa jariri nan da ’yan kwanaki. Na ba akuya dusa, na rufe kaji.

Washegari Lahadi. Tun ba a buga ƙararrawar majami’a ba na ɗaura zanina na fita. Na tarar da Alhaji a zaurensa, ya dawo daga masallaci yana shan koko. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi, na yi masa godiyar jiya.

Na ce, “Alhaji, wayar nan nake so a cire.”

Ya ajiye ludayi. “Shi ya aiko ki, Iya?”

“Gidana ne.”

“Gidanki ne. Amma kin san in ba wuta, ba sana’a. Na ji yana maganar Kaduna.”

“Na riga ka ji.”

Sannan ya tashi ya taka benci, ya kwance wayar daga bango ya miƙo mini bakinta. Na bi ta ina naɗewa a hannu kamar igiyar guga, na zagayo gida, na kayar da gwafar, na ƙarasa naɗewa har gindin kututture. Na kai na ajiye a ƙofar ɗakin ɗan nan.

Yana zaune a bakin ƙofar, ya farka tuni. Ya dubi wayar, ya dube ni da idon da ba a rufe ba. Ban juya wajen bango ba, ban kuma kira matarsa ba. Na so in kira sunan kamar jiya, bai fito ba.

Na ce, “Kai. Can Kaduna aka ce injinsu na da marfi. Ka bari ta haihu, a yi suna, sannan ku tafi.”

Ya ce, “Ke fa, Iya?”

Na ce, “Da ka dawo daga Funtua ai a nan ka same ni.”

Na wuce rumfa, inda tukwanen da ya gama suke kife a jere. Na duba na zaɓi mafi ƙanƙanta, wadda ba ta wuce tuwon mutum ɗaya ba. Na shafa bakinta, ya goge shi sumul. Na wanke ta, na kai ɗakina na kife a ƙarƙashin gado. Sannan aka buga ƙararrawa, na yafa mayafina na tafi sujada.